Ni da Tsohon Crotona

Laifin abokina Ɗan Kumasi ne, kun dai san halinsa. Shi ya ce mu je Crotona Park, wani filin shaƙatawa a unguwar Bronx ta birnin New York, ran Asabar ana ƙwallon hannu. Ni kuma da shegen baki na ce ai shekara uku ina tsaron raga a sakandarenmu a Sakkwato. Har sabon wando na saya.

Muka je, ba raga, ba 'yan wasa bakwai-bakwai. Bangon siminti ne tsaye, tsawo ƙafa 16, faɗi 20, sai wata 'yar shuɗiyar ƙwallon roba da ba ta wuce lemon zaƙi ba. Ashe ƙwallon hannun Bronx ke nan: ka mare ta da tafi ta daki bango, ɗan'uwanka ya mayar kafin ta dira sau biyu, wanda ya riga kai 21 ya ci, ya tsaya a fili na layi ya shigo.

Wanda na tarar wani dattijo ne ɗan Puerto Rico, sa'an babana, ga tumbi, ga gwiwa naɗe da bandeji. Wallahi har tausayinsa na ji.

Bugun farko na kai mari iya ƙarfina, na mari iska, na wulwula, sai ga ni ina fuskantar 'yan kallo, ƙwallo tana can bayana. Na biyu na same ta, na gwammace ban samu ba, tafina kamar na damƙi garwashi. Shi kuwa tsohon ko taku uku bai yi ba. Sai ya aika ta gindin bango ta sulalo ƙasa kamar ɓera, ni ina ta zarya. Wata na bi da nitso a kan siminti, ji kake ɓarrr, wando ya rabu tun daga baya. Tsohon ya zo ya ɗaga ni, yana ce mini "papi", ya miƙo ruwa. 21 da 2. Biyun ma waya yake amsawa.

Duk wannan bai dame ni kamar Ɗan Kumasi ba. Mutumin da nake bin dala 40 tun Babbar Sallah, shi ne ya kwanta kan benci yana dariya har da tari, waya a sama yana ɗauka. Ko ƙwallon bai taɓa ba, wai kafaɗarsa. Kafaɗar da yake ɗaukar buhun shinkafa da ita a shagon Alhaji!

Hannu dai ya kumbura kamar fanke. Kwana uku da cokali nake cin tuwo. Wandon yana nan, rasit ɗin ne ban gani ba.