Montreal da hokin kankara: kudin da ya bude wa talaka kofa shi ne yau yake neman rufe ta

Duk wanda ya san hokin kankara, wato kwallon gorar nan da ake bugawa a kan kankara da takalma masu karfe a kasa, ya san Montreal ce mahaifarsa. A wannan birni na lardin Quebec a Kanada aka buga wasan farko mai tsari a cikin rufaffen fili, ran 3 ga Maris 1875 a filin Victoria, wani James Creighton mutumin Halifax ne ya hada shi da wasu daliban jami'ar McGill, tara-tara kowane bangare, kuma maimakon kwallo sai suka sa wani faifan katako don kar abu ya tashi sama ya fasa wa dan kallo kai. Ana yawan ba da wannan labari. Abin da ba a cika fada ba shi ne su waye aka bari suka shiga filin, su waye kuma aka tsayar a bakin kofa.

A shekarun farko wasan na 'ya'yan masu hali ne, galibinsu masu jin Ingilishi, 'yan jami'a da ma'aikatan banki da 'yan kulob. McGill ta kafa kungiyarta a 1877, aka kafa hadaddiyar kungiyar 'yan sha'awa a 1886, sannan Lord Stanley gwamna janar na Kanada ya ba da kofinsa a 1892, kungiyar Montreal Hockey Club ta fara daga shi a 1893. Doka a lokacin ita ce dan wasa ba ya karbar ko sisi. Har yau akwai masu kewar wannan zamani, wai lokacin ne ake wasa don Allah kafin kudi ya lalata komai. Ni gaskiya ban yarda da su ba. Wa zai iya buga wasan da ake karya hakora da kafa a cikinsa kyauta? Sai wanda in ya kwanta jinya akwai mai ci da shi. Lebura a tashar jirgin ruwa ko ma'aikacin masaka da ke aiki kwana shida a sati, in ya karye a fili tukunyar gidansa ce za ta sauka. Dokar hana biya shinge ce, kuma talaka aka yi wa ita, a Montreal ta wancan lokaci kuwa talakawan da yawansu masu jin Faransanci ne duk da su ne suka fi yawa a garin.

To amma 'yan kallo suna biyan kudin shiga, masu fili suna cika aljihu, ai dole wata rana dan wasa ya ce ina nawa. Aka fara biya a boye, daga baya aka fito fili. Kungiyar Wanderers ta Montreal da aka kafa a 1903 ta dauki kofin Stanley a 1906 da 1907 da 1908 da 1910, kofin ya koma hannun kwararru, har sai da Sir Montagu Allan, wani attajirin garin, ya ba da wani kofi daban don 'yan sha'awa su samu abin fafatawa a kai. Ran 4 ga Disamba 1909 aka kafa Canadiens. Wanda ya kafa ta, Ambrose O'Brien, dan kasuwa ne daga Ontario, ba tausayi ya sa shi ba, kasuwa ya hango, ya ga dubban masu jin Faransanci da ba su da babbar kungiyar da za su ce tasu ce. Ko ma dai mene ne niyyarsa, albashi ne ya sa irin su Jack Laviolette da Didier Pitre, 'yan wasan farko na kungiyar, suka rike wasan a matsayin sana'a.

A otal din Windsor na Montreal aka kafa NHL, babbar gasar kwararru, a Nuwamban 1917, a Janairun 1918 filin da Wanderers ke wasa ya kone kurmus kungiyar ta watse. A 1924 aka gina filin wasa na Forum, aka kafa kungiyar Maroons don masu jin Ingilishi, gari ya rabu biyu, Maroons ta ci kofi a 1926 da 1935 amma karayar tattalin arzikin shekarun 1930 ta kwantar da ita a 1938. Kungiyar da ta rage, wato Canadiens, ita ce ta mutanen da aka fara tsayarwa a waje.

Nan ne Maurice Richard, dan wasan Canadiens mai jin Faransanci, ya shigo. Dan kafinta ne mai aiki a kamfanin jirgin kasa, shi ne babba cikin 'ya'ya takwas, a kankarar bayan gida da ta unguwa ya koyi wasa, ya zo ya ci kwallo 50 a wasa 50 a kakar 1944-45. A Maris 1955 ya doki daya daga cikin alkalan wasa a karawa da Boston, shugaban gasar Clarence Campbell ya dakatar da shi har karshen kaka. Laifi kam ya yi, ba na kare shi. Amma da Campbell ya zo ya zauna a Forum ran 17 ga wata, aka jefa barkonon tsohuwa, tarzoma ta barke a titi aka farfasa shaguna har sai da Richard ya shiga rediyo yana rokon jama'a su yi hakuri, kowa ya gane fushin ya wuce na wasa, fushin mutanen da suka dade suna ganin su ne ma'aikata wasu ne masu ba da umarni.

Kar kuma a ce na ce kudi ya kawo adalci. Masu kungiyoyi sun daure 'yan wasa da takardun da yaro ke sa wa hannu tun bai mallaki hankalinsa ba. Jean Béliveau ya yi zamansa a birnin Quebec yana buga gasar da sunanta na 'yan sha'awa ne amma ana biyansa da kyau, sai a 1953 gasar ta koma ta kwararru, yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta ja shi zuwa Canadiens. Kuma kofuna 24 da kungiyar ta tara, har da biyar a jere daga 1956 zuwa 1960, ba daga sama suka fado ba, akwai kungiyoyin coci da na makarantu da filayen shakatawa da ake malala wa ruwa ya daskare, akwai kungiyar Royals ta Montreal da ta ci kofin Allan na 'yan sha'awa a 1947, da kungiyar matasa ta Canadiens da ta ci kofin Memorial na matasa a 1950 da 1969 da 1970. Kankarar unguwa a can ita ce kamar filin kasar da yaranmu ke murza leda ba takalmi.

Wannan tushe ne nake jiye wa tsoro. Sanyin hunturu ba ya dadewa kamar da, kankarar waje tana narkewa da wuri, wasan ya koma cikin dakunan da ake biyan haya, ga takalma ga kwalkwali ga gora ga kudin rajista ga tafiye-tafiye, yaro kuma kullum girma yake kayan suna yi masa kadan. Iyalan da suka zo daga Haiti da arewaci da yammacin Afirka suna zaune a unguwanni irin su Saint-Michel da Montréal-Nord, wane uba mai tukin tasi ne zai iya wannan dawainiya? Gidauniyar Canadiens ta fara gina filayen waje masu na'urar sanyaya kankara tun 2009 a unguwannin marasa karfi, abin a yaba ne, amma fili kadai ba ya kai yaro gasa.

Mata ma sun bi wannan hanya. Gasarsu ta CWHL da Montreal ke da kungiya a ciki ta rushe a 2019, 'yan wasan suna aiki da rana suna atisaye da dare. Da aka kafa sabuwar gasa mai biyan albashi, a Afrilun 2024 mutum 21,105 suka cika Bell Centre, filin Canadiens na yanzu, don kallon Marie-Philip Poulin da abokan wasanta na kungiyar Montreal suna karawa da Toronto.

Rabon Canadiens da kofin Stanley tun 1993, magoya baya kullum maganar koci da cinikin 'yan wasa suke. Ni da hukumar birnin da masu kungiyar za su ji tawa, wani kaso na kudin tikitin Bell Centre za a ware a dinga biya wa yaran unguwannin nan rajista da kayan aro da kudin mota zuwa wasanni, tun daga shekara shida har su kai matakin matasa.