Lamba Uku, Kujera Ɗaya

Tun kafin in shiga Turkiyya na sayi tikitin jirgin sama daga Istanbul zuwa Antaliya ta hannun wani dillalin tafiye-tafiye na intanet, kuma nan take aka aiko mini da saƙon taya murna, kamar wanda aka yi wa haihuwa. Sai dai ni mutum ne mai wasiwasi, ga shi kuma tun da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daina ba da tikitin takarda a shekarar 2008, matafiyi ba shi da abin da zai damƙe ya ce ga shaidarsa. Saboda haka na ƙudurta sai na ji daga bakin masu jirgin.

Na shiga shafinsu na zuba lambar da ke saman saƙon, aka ce ba a san da zamana ba. Ashe wannan lamba ta dillali ce, a littafinsa kaɗai take da daraja. Abin da kamfanin jirgi yake nema shi ne wata mai haruffa da alƙaluma shida da ake kira PNR, wadda aka binne can ƙasan takarda da rubutun da sai an tsuke ido. Akwai kuma ta uku mai alƙaluma 13, wadda ukun farkonta ke nuna kamfanin da ya fitar da tikitin, kuma galibi idan babu ita, kujera kawai aka riƙe wa mutum, ba a sallame shi ba.

Da na zuba PNR ɗin ƙofa ta buɗe, sai na tarar an yi wa sunana aika-aika: an kai na mahaifina gaba, an haɗe sauran biyun ba tazara, sannan an liƙa musu MR a wutsiya. Na kira dillali, aka jiƙa ni da kiɗa har kunnena ya yi zafi, kafin wata murya ta ce, "Yallaɓai, ka tuntuɓi kamfanin jirgi." Kamfanin jirgi kuwa ya amsa cikin ladabi cewa tikitin da aka saya ta hannun dillali, dillali ne mai ikon taɓa shi.

Ranar tafiya na yi sammako zuwa filin jirgin Sabiha Gökçen da ke ɓangaren Asiya na birnin Istanbul, rungume da takardun da na buga, har da rasiɗin banki. Ma'aikaciyar ba ta ko kalle su ba. Fasfo kawai ta karɓa, ta ce haka na'ura take rubuta sunan kowa, sannan ta tambaye ni ko ina son kujerar taga. Na roƙe ta, don Allah ta duba ko da mai alƙaluma 13 ɗin nan ce, saboda wahalar da na sha a kanta. Ta miƙo mini katin shiga jirgi, ta leƙa bayana ta kira mai bi mini.