Dandalin da ba shi da mai gida ɗaya, da wayar da za ta ɗauke shi

'Yan'uwa masu haɗa manhaja a Kano, ku matso mu tattauna. Tun da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter a watan Yunin 2021, ba ta buɗe ba sai Janairun 2022, ake ta zancen dandalin sada zumunta da ba ya hannun kamfani guda. Ina tare da wannan ra'ayi ɗari bisa ɗari. Abin da ke damuna shi ne duk lokacin da aka zauna, gardamar Mastodon da Bluesky da Nostr ake yi, ba a taɓo wayar da ke aljihun ɗan kasuwar Kantin Kwari, alhali a kanta aikin yake.

Ga yadda tsarin yake a taƙaice. Mastodon, wanda Eugen Rochko ya fara a Jamus a 2016, yana bin ƙa'idar ActivityPub da aka tabbatar a 2018. Kowa na iya kafa sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe da asusun mutane da rubuce-rubucensu, sabobin kuma suna aika wa juna saƙo kamar imel. In kana da mabiya 300 a sabobi 40, rubutunka ɗaya zai fita sau 40, kowace sabar ta raba wa mutanenta. Nostr kuwa makulli yake ba ka maimakon asusu, in ya ɓace babu wanda zai dawo maka da shi. Mu da muke sauya waya a Farm Centre ba tare da mun kwashe komai ba, wannan kaɗai ya isa a yi hattara.

Mu dawo kan waya. Kuskuren farko shi ne a gwada manhaja a kan babbar waya da intanet ɗin ofis, a ce ta yi. Sayi itel ko Tecno mai RAM gigabait 2, ka shiga da ita lungun cikin gari inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, a can za ta nuna maka halinta. Manhajar da ke jiran amsar sabar kafin ta nuna komai ta mutu tun ba a je ko'ina ba. A adana rubuce-rubucen da aka sauke a SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da ke cikin wayar, a fara nuna su da zarar an buɗe, sababbi su biyo baya. Abin da mutum ya rubuta shi ma a ajiye shi a layi, WorkManager, mai tsara aikin bayan fage a Android, ya tura idan sabis ya dawo. A nan ake samun rubutu ɗaya ya fito sau uku: saƙon ya isa, amsar ce ba ta dawo ba, manhaja ta sake turawa. Mastodon ya tanadi Idempotency-Key don haka, wato lambar da ake haɗawa da rubutu don sabar ta gane ta riga ta karɓe shi. Ka ƙirƙiri lambar sau ɗaya lokacin da aka danna turawa, ka adana ta tare da rubutun. In kana sabunta ta a kowane yunƙuri, ba ka yi komai ba.

Sai sanarwa, wato faɗakarwar da ke fitowa a waya idan sabon saƙo ya shigo. Tun Android 6 akwai Doze, tsarin da ke dakatar da manhajoji idan an ajiye waya, Android 8 kuma ta ƙara ƙuntata aikin da manhaja ke yi a bayan fage, ga wayoyinmu masu kashe manhaja don ririta batir. Duk wanda ya ce zai bar igiyar sadarwa a buɗe dare da rana, zai cinye cajin mutane ne kawai kafin wayar ta yanke shi. Dubawa lokaci-lokaci da WorkManager ba ta yin ƙasa da minti 15. Ƙarshenta sai ka bi ta Firebase, hanyar aika sanarwa ta Google. Abin da ciwo, ka gudu daga kamfani guda ka dawo ƙofar wani, amma gara a faɗa wa mutane gaskiya. Kada a manta, daga Android 13 sai ka nemi izini kafin sanarwa ta fito.

Data kuɗi ce. Kada bidiyo ya kunna kansa, kada cikakken hoto ya sauka sai an taɓa shi, a nuna dishi-dishinsa na blurhash tukuna. Mutanenmu kuma masu saƙon murya ne, har waɗanda ba sa rubutun boko. Muryar da aka matse da tsarin Opus kan kilobit 16 a daƙiƙa ba ta wuce kilobait 120 a minti, kuma ana ji rangaɗau.

Akwai abin da babu Bature da zai gyara mana: ƙ, ɗ, ɓ. Wani ya rubuta ƙasa, wani kasa, injin nema ya ɗauke su kalmomi biyu. Dabarar da ake cire wa é alamarta ba ta aiki a nan, domin ƙ harafi ne mai zaman kansa a Unicode, tsarin haruffan kwamfuta. Sai ka yi ɗan jadawalinka, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, a wajen nema kawai, ba a rubutun da ake nunawa ba. Haka 'y da ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar. Alamar da ke gaban 'Yan ma tana karya hashtag, sunan asusu a Mastodon kuwa ba ya karɓar haruffa masu lanƙwasa sam.

Mai son kafa sabar kuma, ya san abin da zai ɗauka. Kada a ajiye ta a ɗaki ana dogaro da wuta da janareta, a yi haya. Hotunan wasu sabobi suna taruwa har su cika faifai, sai an sa umarnin Mastodon na tootctl media remove yana share na fiye da kwana bakwai. Saƙon sirri a Mastodon ba a rufe yake ba, mai sabar na iya karantawa, ga dokar kare bayanai ta 2023 a kansa. Sannan dole a sami masu jin Hausa da za su duba ƙorafi, domin habaici da zambo ba injin da ke gane su.

Sunan yanki, wato adireshin sabar a intanet, shi ya fi komai haɗari. Ba a sauya shi bayan an kafa sabar, kuma in an manta ba a sabunta ba wani ya saye, adireshin kowa ya tafi. Ko mai ƙaura zuwa wata sabar a kan lokaci, mabiyansa ne ke bin sa, rubutunsa na nan a baya. Don haka kafin a gayyaci mutum ko ɗaya, a biya kuɗin sunan na shekaru da yawa, kalmomin sirrin sunan da na sabar su kasance a hannun mutum biyu ko uku, a kuma gwada dawo da rumbun bayanai daga ajiya a ga ya tashi.