Tsawar da ta ba ni uba a dajin Minesota

A nan Amurka akwai wata magana da ta zama ruwan dare, wai dangin da mutum ya zaɓar wa kansa. Ranar da na fara jin ta a bakin wata abokiyar aikina sai da na yi murmushi. A ƙauyenmu na kusa da Malumfashi ba a zaɓar dangi, tashi ake yi a gan su, kamar yadda ake tashi a ga kukar bakin kasuwa. Yau ga ni ina da wani tsoho Bature da nake kira Baba, kuma har gobe ban yarda cewa ni na zaɓe shi ba. Sanyi ne ya haɗa mu, zarton inji ya ɗaure zumuncin.

A 2018 aiki ya kawo ni arewacin jihar Minesota, na kama hayar wani ɗan gidan katako a bayan garin Duluth, gefen tafkin Superior. Gidan yana da murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki. Ni da na taso ina ganin ana hura kara da kiraruwa sai na ɗauka ba wanda zai koya mini wuta. Ƙarshen Janairun 2019 aka yi wani sanyi wanda har gidan waya ya dakatar da raba wasiƙu a jihar. Kuɗin gas ya fi ƙarfina, na sayi itace mai araha a hannun wani mutum, ashe ɗanye ne shakaf. Wuta ta ƙi ci, sai tsuwa da kumfa a bakin gungumen, ɗaki kuma kamar cikin randa.

Washegari aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabcina ne, tsohon ma'aikacin mahaƙar ƙarfe ta Mesabi, jikan mutanen Finlan da suka cika wannan yanki tun farkon ƙarnin da ya wuce. Bai tambayi lafiyata ba, bai tambayi kwanan iyali ba. Ya nuna bututun hayaƙina ya ce hayaƙin da yake gani bai yi masa ba, ɗanyen itace yana tara baƙin ƙwalta a cikin bututu, wata rana ƙwaltar ta kama, gida ya tafi. Ya juya ya sauke mini busasshen itace rabin a-kori-kura, ya ƙi karɓar ko sisi. Abin da ya ce kawai shi ne in sanyi ya wuce zan biya shi da ƙarfina.

Haka aka yi. Da ƙanƙara ta fara narkewa ya kai ni gonarsa ta daji, ya miƙa mini hular kwano mai rufin kunne da wani wandon kariya mai kauri, wanda aka cusa wa zaruruwan da ke shaƙe sarƙar inji idan ta taɓa cinya. Wata guda cur bai bar ni na tayar da injin ba. Aikina jan rassa da loda gungume da wasa haƙoran sarƙa da ɗan siririn magagari, haƙori bayan haƙori, kowanne shafa uku. Ya koya mini haɗa mai, kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai. Ya koya mini karanta abin da zarto ke tofarwa: in ɓarɓashi ne manya-manya sarƙa na da kaifi, in gari ne kamar na tuwo to ta dakushe, tsaya ka wasa. Ya ce kada in kuskura in taɓa itace da saman kan harshen injin, don nan ne yake harbi kamar jaki, ya dawo wa mutum a fuska kafin ƙiftawar ido.

Mutanen nan suna da gardama a kan zarto irin wadda samarinmu ke yi a kan ƙungiyoyin ƙwallo. Wasu 'yan Stihl ne, kamfanin da Andreas Stihl ya kafa a Jamus a 1926, wanda zartonsa na fetur na farko sai mutum biyu ke iya riƙe shi. Wasu kuma 'yan Husqvarna ne na Suwidin, wanda ya faro a 1689 yana ƙera bindigogi, bai shiga harkar zarto ba sai 1959. Tsohona ɗan Husqvarna ne na a-mutu, kuma ni ma na gaji wannan aƙida ba tare da na bincika ba, kamar yadda na gaji jam'iyyar mahaifina.

Ranar da nake son ba da labarinta ta zo a kaka ta biyu. Akwai wani ɗan koren ƙwaro daga Asiya da aka fara gani kusa da Detroit a 2002, ya iso Minesota a 2009, yana cin bishiyar ash ta ƙarƙashin ɓawo har ta bushe a tsaye. Saboda shi ne ma aka kafa dokokin hana yawo da itacen wuta daga yanki zuwa yanki. Busasshiyar ash itacen wuta ce mai kyau, amma rassanta gautsi gare su. Na ga wata, na ji na ƙware, na ja igiya na tayar da inji na nufe ta ban ɗaga kai ba. Ban ji kiransa ba saboda rufin kunne. Sai ji na yi an fizgi wuyan rigata ta baya har na zauna a ƙasa. Ya kashe injin, ya nuna sama. Wani karyayyen reshe ne mai kaurin cinyata yana lilo a kan ɗan'uwansa, daidai inda na tsaya. Masu saran daji a nan suna kiran irinsa mai mayar da mata zawarawa.

Sannan ya balbale ni da faɗa. Fuskarsa ta yi ja, hannunsa na rawa, ya ce mini sakarai, ya ce sau nawa zai gaya mini a dubi sama kafin a dubi gindi, ya ce in na sake ba zan ƙara taka dajinsa ba. Ni kuwa ina zaune cikin ganye sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Shi ya ɗauka tsoro ne. Abin da bai sani ba, tun da na sauka a ƙasar nan ba wanda ya taɓa yi mini tsawa. Kowa murmushi yake yi maka, kowa na cewa ka yi ƙoƙari, ko da shirme ka tafka, domin ba ruwan kowa da kai. A gida kuwa ɗa na kowa ne. Dattijon da bai san sunanka ba zai iya tsayar da kai a hanya ya ja maka kunne, in ka kai ƙara gida a ƙara maka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, mun sha jin wannan tun muna yara, amma ban taɓa ganin karin maganar yana lilo a saman kaina ba sai ran nan.

Daga ranar na fara ce masa Baba. Dama kiran sunansa gatsau yana yi mini nauyi a baki, shi kuma ya hana ni ce masa Mista. Da ya ji Baba sai ya fashe da dariya har da tari, ya ce a unguwar da ya taso, cikin Sabiyawa da Kuroshiyawan da suka zo daga Turai haƙar ƙarfe, kaka mace ake kira haka. Na ce to a wurinmu uba ne. Ya yi shiru, ya ci gaba da goge harshen injinsa da tsumma, bai ce komai ba. Bai kuma taɓa hana ni ba.

Abin da nake son 'yan'uwana su gane shi ne wannan abu da Amurkawa ke ɗauka sabuwar dabara ce, mu mun daɗe da shi har mun raɗa masa sunaye. Muna da riƙo, muna da uban goyo, muna da uban ɗaki. Bahaushen da ya sauka a Sabo ta Ibadan ko zangon Kumasi ba ya kwana a titi, akwai maigidan da zai sauke shi, ya tsaya masa a ciniki, wata rana ma ya yi masa aure. Yaron da aka kai wa maƙeri ko majemi ko direban babbar mota ya tashi yana da uba biyu. Addini kuma ya ja mana layi: Zaidu ɗan Harisa an daɗe ana kiran sa ɗan Muhammadu har aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta ce a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu. Saboda haka a wurinmu uban riƙo ƙari ne a kan na jini. A nan kuwa sau da yawa cike gurbi ne. Binciken cibiyar Pew na 2019 ya nuna kashi 23 cikin 100 na yaran Amurka suna zaune ne da mahaifi ɗaya kawai, uwa ko uba. A Mayun 2023 babban likitan gwamnatin ƙasar, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kusan rabin manyan mutane suna fama da kaɗaici. Wanda ya ga haka ba zai yi musu dariya ba in sun ce suna neman dangi.

Amma kada in cika baki da yawa. Ni ɗan fari ne. Mahaifina, Allah ya ƙara masa lafiya, bai taɓa kiran sunana ba, kunya ta hana. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi muna hira ba. Abin da na sani na halinsa a gona na san shi, ina bin bayansa a kunyar gona, ina ganin yadda yake kewaye 'yar tsiron gawo da fartanya ba ya sare ta, yadda ba ya yarda a ɗora gatari a kan ɗorawa ko kaɗanya. Da na shiga makarantar kwana aka ce ɗan boko ba ya noma, wannan ƙofa ta rufe. Na lura maza da yawa, a Malumfashi ko a Minesota, ba sa iya magana ido cikin ido. Sai hannu na aiki, ido na kan gungume, sannan baki ke buɗewa. A kan bayan mota muna hutawa, shi da kofinsa ni da shayina, tsohon nan ya ba ni labarin rasuwar matarsa da ɗansa da ke can Arizona wanda ba sa ga-maciji. Ni ma a nan na faɗi abubuwan da ban taɓa faɗa wa kowa ba. In la'asar ta yi shi ke duba agogo ya kashe inji ya ce je ka yi sallarka.

To ina aikin da ke haɗa ɗan birni da dattijo a gida yanzu? Faskare a wurinmu aikin wanda ba shi da yadda zai yi ne, mai yawo da gatari a kafaɗa yana bin lungu. Da na tura wa wani ƙanena hotona riƙe da zarto, amsarsa ita ce, Yaya, ashe faskare ka je yi Amurka? A nan likita da lauya suna alfahari da tsibin itacensu. Suna auna shi da abin da suke kira kod, tsibi mai tsawon ƙafa 8, faɗi 4, tsayi 4, kuma maƙwabta na auna hankalin mutum da yadda ya jera nasa. Na san dalilin bambancin, su sha'awa ce da rangwamen kuɗi, mu kuwa dole ce. Dajinsu yana tofowa, namu yana ƙarewa, kuma ƙarar zarton inji a dajin Arewa ba abin farin ciki ba ce, yawanci masu gawayi ne ke kwantar da kirya da marke. Ba cewa nake a saya wa yara zarto ba. Abin da ke damuna shi ne kalmar uban gida ta koma hannun 'yan siyasa, yaro na bin mota yana kirari ana jefa masa dubu biyu, ba sana'a ba tarbiyya. Gayya ma ta ja baya. Abin mamaki, mutanen Finlan suna da irin tata, talkoot suke ce mata, kuma duk Oktoba sai mun haɗu mu biyar ko shida mu faskara wa wata gwauruwar tsohuwa itacen sanyinta, ta dafa mana miyar kifi.

Raunin nasu tsarin na gan shi bara, da ciwon zuciya ya kwantar da Baba. Na je asibiti da gudu, ma'aikaciyar ta tambaye ni ko ni danginsa ne. Na buɗe baki na rasa amsa. Doka ta hana su faɗa wa bare halin majiyyaci, kuma a takarda ni bare ne. Na zauna a baranda awa huɗu. A gida da tuni na shige da kwanon kunu, ba mai tambayata shaidar haihuwa, wanda ya ce ubansa ne to ubansa ne. Bayan ya farfaɗo ya sa aka kawo takarda ya rubuta sunana a cikin waɗanda za a kira. Na kuma matsa masa sai da ya buga wa ɗansa waya, don ban zo in gaje gurbin kowa ba. Ɗan ya zo ya kwana uku. Ba su shirya gaba ɗaya ba, amma yanzu suna gaisawa ran Lahadi.

Likita ya hana shi ɗaukar zarto. Bana ni na sare, na faskara, na jera masa kod biyar a rumfa, yana zaune a kujera da bargo yana ce mini layin ya karkace. Da na gama na kira gida ta WhatsApp. Mahaifina ya tambayi sanyi, ya tambayi aiki, har yanzu dai ba suna, sai kai. Na ba shi labarin itacen, ya tambayi irin bishiyar da ko tana yin gawayi. Har za mu yi sallama sai ya ce, to madalla, ka gaishe mini da baban naka, ka ce ina yi masa sannu da jiki.