Mai jego ba ruwan zafi kaɗai take buƙata ba

A Maradi ba mu yi wa mai jego rowar hidima. Ana haihuwa za a ɗora tukunyar wanka, a dama kunun kanwa, a gasa nama da yaji, uwa ko gwaggo ta tare a ɗakin har a yi arba'in. Gata ne babba, ba na so mu rasa shi. Amma duk hidimar nan jiki take bi. 'Yan barka su shigo, su karɓi jariri, su ce "ya ƙarfin jiki?", ta ce "da sauƙi", magana ta ƙare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, kusan mace 1 cikin 5 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Kuka da saurin fushi na kwanakin farko kan wuce cikin mako biyu. Abin tsoro shi ne wanda ya zarce haka: jariri na barci ita idonta biyu, abinci ba ya shiga, ba ta marmarin ɗaukar ɗanta. Mu kuwa sai mu ce sangarta ce, ko iska ta taɓa ta. Addu'a na da muhallinta, amma wannan ciwo ne mai magani.

Abin ya fi damuna a kan 'yan haihuwar fari. Binciken lafiya na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maradi ce kan gaba. Ke nan da yawa daga masu jegonmu yara ne. An koya wa yarinya cewa mace ba ta raki a naƙuda. An koya mata kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban manya. To idan ta kau da kai daga jaririn, wa zai gane kunya ce ko ciwo? Sannan ga gyara daga safe har dare: "ba haka ake riƙe shi ba", "nononki ba ya isar sa, a ba shi ruwa". Alhali nonon uwa zalla ya wadatar har wata 6. Kullum aka ce ba ta iya ba, ita ma za ta yarda. Gwaggo, ki nuna mata sau ɗaya, ki bar ta ta yi, in ta yi daidai ki faɗa.

Rigakafin mako 6 yana zuwa dab da arba'in. Ma'aikaciyar da ke auna jariri ta ɗago ta tambayi uwar barcinta da halin zuciyarta, ba a gaban surukarta ba. Makarantun mazaje da aka fara a Damagaram, inda magidanta ke haɗuwa su tattauna lafiyar matansu, su sa wannan cikin darasinsu, don miji ya san rago da kayan suna ba su sauke masa nauyi ba.

Idan kuwa mai jego ta ruɗe, tana jin muryoyi, ko tana zancen hallaka kanta ko jaririn, kada a bar ta ita kaɗai, kada a jira arba'in. A kai ta likita ranar.