Ɗalibi ba zai buɗe cikinsa ba sai ya tabbata asirinsa a rufe yake

Jami'o'inmu da yawa suna da ofishin ba wa ɗalibai shawara, galibi a ƙarƙashin sashen kula da harkokin ɗalibai. Allo na nan a ƙofa, ma'aikaci na nan a ciki. Amma yaron da barci ya ƙaurace wa saboda ya sake faɗuwa kwas, ko yarinyar da ta daina fita lacca ta ƙule a ɗaki, da wuya su doshi ƙofar. A ganina dalilin bai wuce ɗaya ba: ɗalibi bai yarda cewa abin da ya faɗa a ciki zai tsaya a ciki ba.

Kuma yana da hujja. Sashen da ke raba ɗakunan kwana, yake sauraron ƙarar ɗalibai, yake iya kiran iyaye, shi ne ke riƙe da mai ba da shawarar. To wanda ya fara haɗiyar tiramadol don ya jure karatun dare, ta yaya zai yi magana a wurin da yake zaton zancen na iya ƙarewa gaban kwamitin ladabtarwa? Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ta yi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Ba a sa wa jami'a katangar da ta raba ta da wannan adadi ba.

Doka ma ta ƙara wa tsoron nauyi. Sashe na 231 na kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa, ci gaba ne babu shakka, sai dai ba ta soke wancan sashe ba. Wato wanda ya fi kowa buƙatar a saurare shi, shi ne ya fi kowa dalilin yin shiru.

Akwai masu cewa yaran yanzu ne ba su da juriya, addu'a da haƙuri sun isa. Ban raina addu'a ba. Amma wanda zazzaɓi ya kwantar muna yi masa addu'a mu kuma kai shi asibiti, babu mai cewa imaninsa ne ya yi rauni. Sannan a tuna abin da waɗannan yara suka gani: yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, ƙarin kuɗin rajista da tsadar abinci bayan cire tallafin mai a 2023, ga iyaye a gida suna ƙirga ranar da za a gama a fara taimako. Tunda limamin masallacin makaranta da shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN su ne ɗalibi ke fara tunkara, su ya kamata a fara koya wa gane alamun tsananin damuwa, su san lokacin da nasiha ta isa da lokacin da za su riƙe hannun yaro su kai shi ga ƙwararre.

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, don haka mafarki ne a ce kowace jami'a ta ajiye nata. Abin da zai yiwu shi ne a ɗauke ofishin daga sashen harkokin ɗalibai a mayar da shi asibitin makaranta, inda mai shiga ba a san ko ciwon kai ya kawo shi ba. A rubuta ƙa'idar riƙe sirri a manna, a faɗa wa ɗalibi tun kafin ya zauna cewa ba mai jin maganarsa sai in rai na cikin haɗari. A samar da mace mai sauraron ɗalibai mata, a riƙa buɗewa har dare a makon jarrabawa. Wanda lamarinsa ya fi ƙarfin ofishin kuma, a sami yarjejeniyar tura shi kai tsaye zuwa asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Dawanau, Barnawa, Kware ko Maiduguri, ba tare da takardar ta bi ta teburin shugaban sashensu ba.