Gayyatar gidan giyar unguwa: nasiha ga matasanmu da ke Amurka da Ingila

'Yan uwana da karatu ko aiki ya kai Amurka ko Ingila, akwai gayyatar da sai ta same ku: a tashi aiki ranar Juma'a, abokai su ce a leƙa wurin da ake dafa giya a unguwa, a ɗan taɓa abinci. Wurin ba ya kama da mashaya ko kaɗan. Galibi tsohon sito ne aka gyara, ga dogayen benci, ga iyaye da yaransu, ga motar sayar da abinci a ƙofa. Amma manyan tankunan ƙarfen nan da ake hangowa, sha'ir ne da yis ke tsimuwa a ciki. A Amurka kaɗai irin waɗannan ƙananan masana'antu sun haura 9,000.

Hadisi ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da giya ke zagayawa, kuma maganin bari kar a soma. Tun gayyatar farko ka ce ba ka shan giya, ka kawo shawarar shagon kofi. Mai kame-kamen "yau ina da uzuri" shi ake sake kira mako mai zuwa.

In taron ofis ne aka kai can babu yadda ka iya, to ka san inda tarkon yake. Kwalbar da aka rubuta wa "non-alcoholic" a Amurka doka ta yarda ta ɗauki barasa ƙasa da kashi 0.5 cikin ɗari. Malamai sun saɓa a kanta, mai son fita daga shubuha ya bar ta. "Cider" a Ingila giyar tuffa ce, a Amurka kuwa sai an ƙara "hard" take zama giya. Haka "hard seltzer" da "hard kombucha": duk inda ka ga kalmar nan, ja da baya. "Root beer" kuwa, duk da sunan, lemo ne kawai. In aka miƙo maka jerin ƙananan kofuna huɗu a kan katako wai ka ɗanɗana, kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ka. Barasar nau'in giyar da ake kira IPA takan kai kashi 6 zuwa 7, wato ya ɗara giyar kwalba ta kashi 4 zuwa 5 ƙarfi. Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗansa ma haram ne.

Abincin ya fi yaudara, don masu wurin suna alfahari da zuba giyarsu a girki. Ƙullun da ake tsoma kifi da albasa kafin a soya, sau da yawa da giya ake kwaɓa shi. Narkakken cukun da ake dangwala burodi a ciki, haka. Tsiran Jamus galibi na alade ne, wani lokaci a giya ake dafa shi. Kuma kada wani ya ce maka wuta na ƙone barasa duka. Jadawalin Ma'aikatar Noma ta Amurka ya nuna bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 na nan, sai an yi awa biyu da rabi kafin ya sauka zuwa kashi 5. Tambayi mai kawo abinci ƙarara: akwai giya ko alade a ciki? A man da ake soya naman ake soya dankalin?

Sai wajen biyan kuɗi. Al'adarsu ce a raba lissafi daidai, ko a Ingila kowa ya saya wa duk 'yan teburin abin sha sau ɗaya, bi da bi. In ka shiga, kuɗinka ya sayi giya, hannunka ya ɗauko ta, alhali mai saye da mai ɗauka suna cikin waɗanda hadisi ya la'anta. Tun kafin ka yi oda ka nemi a ware maka lissafinka daban. In kuma aka roƙe ka ka kai wani daga cikinsu gidansa a motarka tunda kai ba ka sha ba, duba kada ya shigo maka mota da buɗaɗɗen gwangwanin giya, domin a yawancin jihohin Amurka wannan kaɗai laifi ne ko da direba garau yake.